Jemima da Amaryar da Ta Yi Saurin Tashi

Na san Jemima tun tana yawo da ɗan kamfai a bakin ruwan Lau. Ubanta Noah ne mai kwale-kwale, uwarta kuwa ƙawata ce, tare muke saro busasshen kifi mu kawo Jalingo. Yarinyar tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ya yi tsawo ta ƙyale shi. Igiyar shanya, gezar tabarma, bakin zanen uwarta, duk ta bi su da reza. Uwar ta ce mini, "Alisabatu, yarinyar nan ko tela za ta zama ko mahauciya." Na ce a kai ta wurin tela tun kafin ta kai ga akuyoyi.

Haka ta zo gidana a unguwar Nukkai tana 'yar shekara goma sha shida, ta yi shekara huɗu tana koyon ɗinki wurin wani tela. Ta iya, ba zan yi mata ƙarya ba. Abu ɗaya aka san ta da shi: ba ta ɗinka riga ba ta bar kalmasa mai faɗi a ciki ba. In mace ta yi ƙorafi cewa an ɓata mata yadi, sai Jemima ta ce, "Anti, bari ki haihu tukuna, za ki dawo ki gode mini." Suna dawowa kuwa, ta warware kalmasar, riga ta sake shiga.

Sai ta auri Tobiya mai kyamara. Mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya duka, in ya riƙe kyamara hannunsa ba ya rawa. Amma wajen haɗa bidiyon bayan an gama biki, nan ne Allah ya rage masa. Akwai auren da ya ɗauka, sai da aka haifi ɗan fari har ya fara rarrafe kafin bidiyon ya fito. Masu biki su zo su yi ta zagi a ƙofar shago, shi kuwa ya fita ta baya ya bar matarsa da ba da haƙuri.

Lokacin da take da ciki na biyu ƙafafunta suka kumbura, taka keken ɗinki ya gagare ta. Zaman banza ba ya cikin jininta, sai ta ja kujera kusa da mijin tana kallon abin da yake yi a kwamfuta. Sati uku tana kallo. A na huɗu ta ce masa, "Matsa." Bai sake komawa kujerar nan ba har yau. Keken ɗinkin yana can lungu an lulluɓe shi da tsohon zane, kwamfutar kuwa a kan teburin da take yanka yadi.

Ta taɓa nuna mini yadda aikin yake. A sama hoto ne ke motsi kamar talabijin. A ƙasa akwai dogon layi, gutsure-gutsuren bidiyo jere a kai kamar ƙyallayen da za a haɗa a yi bargo. Ƙarƙashinsu kuma wani layin ne na murya. Ta kama bakin gutsure da ɗan abin nan da take turawa da hannu, wai maus, ta ja shi ciki ya gajarce. Ta ɗauki wannan ta kai gaba, ta dawo da wancan baya. Na ce, "To ai ɗinki ne, allura ce kawai babu." Ta ce ni kaɗai na gane da gani ɗaya. Na ce ai ba yau na fara ganewa ba, tambayata ce ba a yi.

Shekara biyar tana wannan aiki, duk na majami'u: aure, godiya, taron zumuntar mata, jana'iza. Aikin yana zuwa da lokacinsa. Daga Nuwamba zuwa Janairu ba ta samun ko lokacin kitso, sauran watanni kuwa sai ta zauna tana kore ƙuda daga kan allo. Abin da take so, kuma ta sha faɗa mini, shi ne ta shiga gidajen Musulmin unguwar Turaki, inda ake biki kusan kowane mako. Amma ba ta san kowa a can ba.

Ni na sani. Shekara talatin da wani abu ina dillanci a gidajen Turaki, ina kai wa matan manja da kifi da atamfa, ina fitowa da labari. A cikinsu akwai Hajiya Ummi, matar Alhaji Maishanu, mutanen Zariya ne tun kakanni amma nan aka haifi 'ya'yansu. 'Yarta ta fari Sumayya, nas ce a asibiti, za ta auri wani Mahadi da ta zaɓa da kanta, shekara uku suna jiran ta gama karatu. Hajiya ta ce mini tana son bidiyon ɓangaren mata, amma ba ta yarda ƙato ya shigo mata tsakar gida da kyamara ba, ba ta kuma yarda wani ƙaton ya zauna a shago yana ƙare wa matan mutane kallo a kwamfuta ba.

Na ce, "Hajiya, ina da mace. Ita za ta ɗauka, ita za ta yanka."

Ta ce, "Ta san al'adarmu?"

Na ce ta sani. Ƙarya na yi, amma ƙaramar ƙarya ce, irin ta dillalai.

Hajiya ta ce abin da ya fi damunta shi ne Gwaggo Jummai, yayar Alhaji da ke Zariya. Ciwon gwiwa ya hana ta zuwa, don haka bidiyon za a aika mata. Ita kuwa Gwaggo Jummai tun da aka auro Hajiya take cewa 'ya'yan da aka haifa a Jalingo ba su da tarbiyya, sun cakuɗa da kowa. Idan bidiyon ya yi kyau, in ji Hajiya, tana da sauran 'yan mata uku, kuma duk matan layinsu bakinta suke bi. Idan bai yi ba kuwa, ta dai dube ni.

Aka yi biki lafiya. Jemima ta ɗaura ɗankwali har goshi, ta yafa gyale, ta yi kwana uku tana bin mata da kyamara. Aka yi da Hajiya za ta zo shago ranar Alhamis bayan la'asar ta gani da idonta kafin a aika Zariya.

Ranar Alhamis da hantsi Jemima ta aiko a kira ni. Na same ta tana ta murmushi, ta goge kujera ta ce in zauna in ga aiki. Tobiya yana waje ƙarƙashin mangwaro, ya juya wa ƙofa baya, domin tun da aka kawo bidiyon nan aka hana shi shiga shagonsa.

Sa lalle ya yi kyau. Kamu ya yi kyau. Abinci kuwa har sai da na haɗiye yawu. Sai aka zo ranar kai amarya. Ga Sumayya zaune a bakin gado lulluɓe da mayafi. Wata tsohuwa ta ce, "Tashi, 'yar nan, lokaci ya yi." Kafin tsohuwar ta rufe baki amarya ta miƙe tsaye. Ƙiftawar ido tana tsakar gida. Ƙiftawa ta biyu tana cikin mota. Ga kiɗa mai daɗi a ƙasa.

Na ce, "Tsayar da shi."

Ta tsayar. "Mama, kin ga yadda ya tafi sumul?"

"Na gani. Kura ce ta biyo ta?"

"Wace kura?"

"Ko gobara ake a gidan ubanta? Ina zaman da ta yi? Ina kiran da aka yi ta yi mata?"

Jemima ta yi dariya. "Haba Mama, minti arba'in fa tana zaune, ba abin da ke faruwa. Wa zai zauna yana kallon mayafi minti arba'in?"

Na ce, "Gwaggo Jummai. Da tabarau ma."

Ba laifinta ba ne duka. A majami'armu amarya da rawa take shigowa, in ta ja ƙafa mutane su fara raɗa suna tambayar wa ya tilasta mata. Jemima ta yi shekara biyar tana yanke duk inda amarya ta tsaya, don a gan ta cikin murna. To a Turaki abin a juye yake. A kira amarya ta yi kamar ba ta ji ba. A sake kira ta sunkuyar da kai. Ƙawaye su tare ƙofa, tsofaffi su yi ta lallashi, sai an kama hannunta an ɗaga ta tana jan ƙafa. Ko da ita ta zaɓi mijin, ko da ta ƙaga a kai ta, dole a ga barin gida ya yi mata nauyi. Wadda ta zabura da kira ɗaya, ba ita za a zaga ba, uwarta za a zaga.

Da na gama yi mata bayani murmushin ya tafi. Ta dubi agogon bango. Ni kuwa a sanina abin da aka yanke an yanke. Na ce, "Shi ke nan, kin zubar da zaman yarinyar mutane a shara. Sai mu je mu roƙi mijin ya ba mu aronta ta sake zama."

Daga waje Tobiya ya ɗaga murya. "Me ya faru, Mama?"

Na ce, "Kalli mangwaronka."

Jemima ta juya ga kwamfutar. Ta kama bakin gutsuren nan da maus, ta ja shi waje maimakon ciki. Sai ga shi yana tsawo, yana tsawo, ga amarya ta koma ta zauna daram a bakin gado.

Ta ce, "Ban zubar ba, Mama. Naɗe shi na yi a ciki. Kalmasa ce."

Na yi ajiyar zuciya na ce a dawo da arba'in ɗin duka. Muka zauna kallo. Ba mu yi nisa ba na gane wata sabuwar matsala ce ta taso. Ashe Sumayya a ƙarƙashin mayafin nan ba zaman makoki take ba. Ga hasken waya yana leƙowa ta cikin yadin, tana aika wa ango saƙo. Can wata ƙawarta ta miƙa mata cincin ta ƙasa, baki ya fara motsi. Sai ƙawar ta raɗa mata wani abu a kunne, amarya ta fashe da dariya har kafaɗu na rawa, mayafi ya zame, ga haƙora talatin da biyu a waje.

Jemima ta ce, "Wannan ɗin zan aika wa Gwaggo?"

Na ce, "In kina so gwiwarta ta warke ta taho Jalingo da ƙafa."

To a nan aikin gaske ya fara. A cire duka, babu kunya. A bar duka, babu kunya. Sai a bi a tsince. Jemima ta buɗa layin nan ya yi faɗi, har ya zama kowane motsin ido yana da nasa ɗan gida. Ni ban san sakan ba, ban san minti ba, amma na san tsawon shirun da ya dace. Sai na riƙa buga hannu a gwiwa kamar ina daka. Tsohuwa ta yi kiran farko, na ce, "Bar ta zaune taɓarya ashirin." Ina bugawa Jemima tana ja, na kai ashirin ta yanke.

Inda hasken waya ya fito, ta ɗauko fuskokin tsofaffin da ke zaune a tabarma ta ɗora a wurin, muryar mai kira tana ci gaba a ƙasa. Inda ake cin cincin, ta sa ƙawaye suna tare ƙofa. Sai muka zo wurin dariyar. Na ce ta cire shi gaba ɗaya. Ta ce in dakata. Ta kashe muryar wurin, ta bar ta wata tsohuwa da ke yi wa amarya faɗa a kan haƙuri, sannan ta riƙa matsar da bakin gutsuren kaɗan kaɗan, da ɗan yatsa ɗaya, har ta tsaya daidai kafin mayafin ya zame. Ta kunna. Amarya sunkuye, kafaɗu na girgiza, tsohuwa na cewa aure ibada ne. Ni da na san dariya ce sai da na ji tausayi ya kama ni.

Na ce, "Jemima, ki ji tsoron Allah."

Ta ce, "Ban ƙara komai ba, Mama. Kafaɗunta ne."

Mun yi faɗa a kan tsawo. Ita tana son minti uku, wai masu kallo za su gaji. Na ce masu kallonta mutum ɗaya ce kuma ba ta da inda za ta je. A gaskiyar ranar sai a kira na biyar aka ɗaga amarya. Jemima ta ce biyu sun isa, na ce huɗu, muka tsaya a huɗu saboda na girme ta. Tobiya daga waje ya ba da shawara a sa kiɗan tausayi. Na ce masa in ya sake magana zan sa a yanke shi daga bidiyon aurensa.

Azahar ta wuce muna kai. Sai na hango wani ɗan gutsure mai duhu can gefe, an ture shi shi kaɗai. Na tambaya mene ne. Ta ce zaure ne, lokacin da aka tsayar da amarya gaban babanta. Wata mata ta bangaje ta, kyamara ta karkace, hoton ya yi rawa, ga duhu. Ba ya cikin aikin da za ta sa sunanta a kai.

Na ce ta kunna mini.

Hoton kam ba shi da kyau. Rabin kan Alhaji ma babu. Amma ana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa, "Allah ya yi miki albarka. Ban taɓa kwana da ɓacin ranki ba." Sai mayafin ya ɗan buɗe ta gefe. Babu waya, babu cincin. Hawaye ne shar a fuskar yarinyar, ta kama bakin rigar uban ta riƙe, sai da aka ɓamɓare yatsunta.

Na ce, "Mayar da shi."

"Mama, ya karkace fa. Masu sana'a za su yi mini dariya."

"Masu sana'a ne suka haife ta?"

Ta yi tsaki irin na yaran da suka san an fi su gaskiya. Ta datse farkon inda rawar ta fi yawa, ta ƙara masa ɗan haske, ta cire kiɗa daga wurin, ta saka shi tsakanin tsakar gida da mota.

Bayan la'asar keke mai ƙafa uku ya sauke Hajiya Ummi. Tobiya ya gaishe ta daga nesa ya ƙara matsawa gaba. Aka gaisa, aka tambayi gajiyar biki, ta zauna ta harɗe hannu a kan jaka. Lalle ya wuce. Kamu ya wuce ta ce atamfar wance ta fi kyau a hoto. Jemima tana tsaye bayanta tana murza gefen zane.

Aka zo zaman amarya. Kira na ɗaya, shiru. Na biyu, shiru. Hajiya ta gyaɗa kai. Sai ga kafaɗu sun fara girgiza. Hajiya ta matso da fuska kusa da allo, ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Wannan dariya ce."

Ni na shiga gyaran ɗankwalina.

"Ni na goya yarinyar nan," in ji Hajiya. Ba ta kama sunanta, 'yar fari ce. "In tana kuka kafaɗar hagu ce kaɗai ke motsi. Wannan duka biyu ne. Waccan marar kunyar ƙawar tata ce ta faɗa mata wani abu." Ta juyo ta dubi Jemima sama da ƙasa. "Ke kika yi wannan?"

Jemima ta ce, "Ni ce, Hajiya," murya kamar ta ɗan tsako.

Hajiya ta koma ta jingina. "To. Yaya Jummai dai ba ta san kafaɗunta ba. Ci gaba."

Aka ɗaga amarya, aka ratsa tsakar gida, sai ga zauren nan mai duhu. Hajiya ba ta ga wannan ba ranar bikin, don uwa tana ɗaki a lokacin, ba ta fitowa. Muryar Alhaji ta fito. Mayafi ya buɗe. Na saci kallon kafaɗar yarinyar, ta hagu ce kaɗai.

Hajiya ta ce, "Mayar da shi baya."

Jemima ta mayar. Ta sake cewa a mayar. Sau uku. Sannan ta ja bakin gyalenta ta goge ido, ta ce fankar shagon nan tana hura wa mutum ƙura. Fankar a kashe take tun safe, amma ba wanda ya gaya mata.

Da bidiyo ya ƙare ta miƙe tana gyara jaka. Ta ce na zauren kada a sake taɓa shi ko da ƙwayar gero. Zaman kuwa ya ɗan yi gajere, ko za a iya ƙara kira ɗaya? Na dubi Jemima, ta kau da kai don kada mu haɗa ido. Ta kama bakin gutsuren ta ja, kira na biyar ya fito daga inda yake naɗe. Hajiya ta tsaya tana kallon abin da baki buɗe.

A bakin ƙofa ta ce, "Maƙwabciyata za ta aurar da 'ya bayan Sallah. Ki zo gida ranar Asabar in haɗa ku. Ki taho da tsohuwar nan, na ga ita ce almakashin."

Bayan kwana takwas Gwaggo Jummai ta bugo waya daga Zariya. Ta ce ba laifi, yarinya ta yi kunya, ashe akwai sauran tarbiyya a Jalingo. Ta ce amma mai ɗaukar hoton ta koyi riƙe kyamara, ta sare wa ƙaninta rabin kai.

Yanzu shekara biyu ke nan. Jemima ta aurar da 'ya'yan Hajiya biyu a kwamfutar nan, da na maƙwabta ban san adadi ba. Ta sa labule ta raba shagon, Tobiya ya samu izinin shiga rabin gaba. A rabin baya akwai kujera mai matashi kusa da teburin, tawa ce. Duk ranar da aka kawo bikin Turaki sai a aiko mini da keke. In na majami'a ne ba a nemana, wai a can hannunta ya san hanya. Makon jiya ma na leƙa na tarar ta bar wata amaryar majami'a tsaye a bakin ƙofa taɓarya talatin, ango yana ta waige. Na ce ta naɗe ashirin da biyar tun kafin dangin miji su fara tambaya.